Wane objektif zai ɗauko mini hadari bisa tafkin Madarunfa?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Ina da kamara Canon 600D da objektif ɗin da ta zo da shi, wato gilashin da ake ɗaurawa a gabanta, 18-55. Ranar Lahadi da la'asar ina Madarunfa, hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin bisa tafki, masunta na ta gaggawar jawo jiragensu bakin ruwa. Na murza objektif har ƙarshe, na ja da baya har na kusa tattake geron mutane, amma ko rabin hadarin bai shiga ba. Abokina da ke gefe ya taɓa 0.5 a wayarsa ya kwashe komai. Wallahi na ji kunya, ni da ke rataye da kamara a wuya. Na tara jika 150, wato sefa dubu 150. Ina jin ana maganar 10-18 na Canon, da 11-16 na Tokina, da wani 14 na Samyang, duk sun rikita ni. Wanne zan saya?

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Ai ba doguwar magana, ƙaramar lamba ita ce faɗi. Amma ni 14 ɗin nan nake sha'awa, hotunan da nake gani an yi da shi a intanet kamar ka shiga ciki ka zauna.

Malamin Lissafi: Tsaya tukuna Bakatsine, kada ka sa yaro ya zubar da guminsa. Ɗan Bagalam, lambar da ke jikin objektif milimita ce, amma ba ita kaɗai ke yanke faɗin hoto ba. Girman sensa ma na ciki, wato farantin nan da haske ke sauka a kansa bayan madubi. Cikakken sensa, irin na 5D ko 6D, girmansa ɗaya da tsohon fim, milimita 36 a 24. Na 600D ɗinka 22.3 ne a 14.9. Shi ya sa kowace lamba sai ka ninka ta da 1.6 kafin ka gwada ta da abin da kake gani a intanet. Masu Nikon irin su Bakatsine da 1.5 suke ninkawa.

To 18 ɗinka a zahiri wajen 29 ne. Shi 0.5 na waya yana tsakanin 13 da 16, gwargwadon wayar. Ka ga ba laifin hannunka ba ne. Samyang 14 don cikakken sensa aka ƙera shi, hotunan da Bakatsine ke gani can aka yi su. A kamararka 22 zai koma. Daga hagu zuwa dama, 18 na ba ka kusan digiri 64, 14 zai ba ka 77, 11 zai ba ka 91, 10 kuma 96. Ka biya kuɗi don ƙarin digiri 13 kacal? A'a.

Bakatsine: Na janye 14 ɗina, malam ya kawo alli.

Ɗan Bagalam: Allah ya saka malam. Kenan tsakanin 10-18 da 11-16 maganar take.

Baba Mai Hoto: Ɗana, ni ban ce ka sayi ko ɗaya ba tukuna. Tun zamanin him nika wanga aiki, lokacin da hoto 36 ne cikin kamara, in ka ɓata ɗaya kuɗinka ne. Objektif mahi hwaɗi da nika da shi a lokacin 28 ne, wato daidai da wanga 18 naka da kake rainawa, kuma da shi munka ɗauki gulbi ya cika ya batse, munka ɗauki hawan salla a Tibiri.

Ga tambayata. Hoton da abokinka ya yi da waya, ka buɗe shi a kwamfuta ka duba? Ina masuntan? Ina jiragen? Na rantse sun koma kamar ƙwayar gero. Ƙasarmu shimhiɗaɗɗiya ce. Waɗanda kake gani a intanet gaban duwatsu masu ƙanƙara suke tsaye, dutsen ya cika masu rabin hoto. Kai daga nan har Dakoro wane tsauni kake da shi? In ka buɗe 10 ka tsaya tsaye yadda ka saba, abin da za ka samu sama ce rabi, rairayi rabi, da wani siririn layi a tsakiya. Wanga layi shi ne tahkin naka duka.

Ɗan Bagalam: Baba, gaskiya na duba. Hadarin ya fito da kyau, amma jiragen sai an matso da hoton ake ganinsu.

Baba Mai Hoto: To ka gani.

Malamin Lissafi: Lissafi ma na bayan Baba a nan. Girman abu a hoto tafiya yake da milimita. Jirgin da ka ɗauka a 18, in ba ka motsa ba ka koma 10, zai ragu zuwa kashi 10 cikin 18 na girmansa, wato kaɗan ya ɗara rabi. Abin da ke nesa shi ke biyan kuɗin faɗin.

Yaya ta Zariya: Baba da girmanka, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Ni 10-18 ɗin nan ina da shi shekara huɗu, don ɗakin amarya na saye shi, saboda ɗaki ƙarami ne kuma uwar amarya na so a ga jere daga gado har kwanoni. Daga baya na fara fita da shi daji. Abin da na koya shi ne objektif mai faɗi ba na ja da baya ba ne, na matsawa ne. Ƙanena, kuskurenka ranar nan shi ne da ka ja baya. Da 10 a hannunka, gaba za ka yi har ka kusa taɓa hancin jirgin, ka durƙusa, itacen jirgin da ragar da ke rataye su cika ƙasan hoto, ruwa a tsakiya, hadari ya rufe sama. Nan ne mai kallo zai ji kamar iskar na kaɗa shi. Kuma 600D ɗinka na da allo mai juyawa, sai ka sauke kamara har kusa da ƙasa ka juyo allon sama, ba sai ka kwanta cikin taɓo ba.

Baba ya ce ba mu da duwatsu. Haka ne. Amma muna da sama. Wanda bai ga hadarin Agusta yana hawa bisa gonakin Jiratawa ba bai san me ake kira tsauni ba.

Baba Mai Hoto: Ɗiyata, damina wata nawa ce? Uku, in Allah ya yi albarka huɗu. Sauran watannin fa? Daga Nuwamba hazo ya sauka, sama ta koma kamar kunun da bai ji tsamiya ba. Me zai cika rabin hoto da shi?

Yaya ta Zariya: Sai ya karkata kamara ƙasa ya bar wa sama ɗan yatsa biyu. Ba dole ne a ba ta rabi ba.

Na Madarunfa: Bari ɗan gari ya sa baki. Tafkin nan kowane wata da fuskarsa. Bayan damina ya cika, ruwa na shiga har gindin itatuwa, inuwarsu na kwanciya a ruwa da sassafe kafin iska ta tashi. Nan 10 zai yi aiki. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, yakan bar laka ta tsattsage kamar bayan kunkuru, ga sawun shanu, ga jirgin da aka kife. Wannan shi ne abin da Yaya ke cewa a sa a gaba, kuma bai buƙatar sama mai kyau. Amma tsuntsaye, ka manta da su. Duk wanda ya zo da objektif mai faɗi don tsuntsayen tafki zai koma gida da ɗige-ɗige.

Abu biyu kuma da ba na kamara ba. Kewayen tafkin akwai kaburburan waliyyai 99 da mutane ke zuwa ziyara, kada ka ɗora ƙafa ko kayanka inda ba ka sani ba, ka tambaya. Masunta ma ka yi masu sallama kafin ka cusa kamara cikin jirginsu, tunda wannan objektif sai ka matsa kamar za ka shiga aljihun mutum. Sannan in za ka wuce kudu wajen Baban Rafi, ka fara tambayar lafiyar hanya, kada ka kai dare.

Ɗan Bagalam: Na gode yayana. In na zo zan neme ka.

Mai Taurari: Kun yi ta magana ba wanda ya kare Tokina, to ga ni. Ɗan Bagalam, kana da niyyar ɗaukar dare? Don nan ne objektif biyun suka rabu. Ƙofar haske da lambar f ake auna ta, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ta Canon 10-18 iyakarta f/4.5 a 10, ta ƙara tsukewa zuwa f/5.6 a 18. Tokina f/2.8 ne daga 11 har 16. Tsakanin 2.8 da 4.5 hasken da ke shiga ya ninka sau biyu da rabi da ɗoriya. Da rana wannan ba komai ba ne, kowa f/8 yake aiki. Da dare shi ne komai.

Taurari tafiya suke, in ka bar kamara buɗe da yawa sai su zama layi-layi maimakon ɗigo. Ƙa'idar da aka saba ita ce ka raba 500 da milimitar bayan ka ninka da 1.6. A 11 kana da wajen daƙiƙa 28, ni ma 20 nake tsayawa don in samu ɗigo tsaf. Cikin wannan ɗan lokaci dole hasken ya shiga. Mai f/4.5 sai ya ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, kuma 600D kamarar 2011 ce, in ka wuce 1600 hoto ya fara yin tsaki-tsaki. Na kwana wani ruga arewa da Dakoro bayan girbi, ba wuta ko ɗaya, Kaza da 'ya'yanta ta fito kamar ka miƙa hannu, na sa bukka da turken shanu a gaba. Wannan hoton 10-18 ba zai ba ni shi yadda ya fito ba.

Akwai kuma wani abu. Zoben saitin 10-18, wato wanda ake murzawa hoto ya fito tsaf, ba ya haɗe da gilashi kai tsaye, lantarki ne ke motsa shi, sai kamara na farke yake aiki, kuma ba rubutun nisa a jikinsa. Cikin duhu neman saitin tauraro da shi akwai ban haushi. Tokina ka ja zoben baya ya koma na hannu, ga rubutun mita kana gani da tocila.

Yaya ta Zariya: Faɗi aibinsa kuma, kada ka yi mana tallar dillali.

Mai Taurari: Haha. Ya fi rabin kilo, naki gram 240 ne. Tokina ba ya da mai hana rawar hannu irin na naki. Kuma in rana na cikin hoto ko tana gefe yakan watsa koren tabo, wani lokaci sai na kare da hula ko tafin hannu. Daga 11 zuwa 16 kuma ba wata tazara ba ce, kusan objektif mai lamba ɗaya ne.

Yaya ta Zariya: To ka ji. Mai son faɗuwar rana bisa ruwa, rana kullum tana cikin hotonsa. Sannan mai hana rawar nan ba abin rainawa ba ne. Nan ƙasar magariba ba ta jira, rana na faɗuwa kafin ka buɗe ƙafa uku ta ɗora kamara ka daidaita, jan ya tafi. Ni a 10 ina riƙe 1/8 na daƙiƙa da hannu hoto ya fito, in na jingina da itace. Sai dai in ka ɗora a ƙafa uku ka kashe shi.

Malamin Lissafi: Game da rashin rubutun nisa, da rana ba matsala ba ce. A 10 da f/8, in ka yi saiti kan abin da ke wajen santimita 70 daga kamara, a lissafi komai daga santimita 35 har ƙarshen gani zai shiga. Ni na fi so a yi saiti a mita ɗaya ko ɗaya da rabi don nesa ta ƙara kaifi. Kuma kada ka ce za ka tsuke zuwa f/22 don komai ya fito. Ƙofar in ta yi ƙanƙanta haske na bazuwa a bakinta, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. A irin sensanka f/8 zuwa f/11 ya isa.

Bakatsine: Kuma f/22 shi ke tona asirin ƙurar da ke kan sensa. Duk wani ɗigo sai ya fito a sama.

Baba Mai Hoto: Yawwa, an zo wurin. Ƙura. Ku yara kuna lissahin digiri, ba ku lissahin buji. Duk sa'ad da ka cire objektif a hili lokacin hunturu, ka buɗe ma ƙura ƙohwa. Mai objektif biyu yana canji, mai ɗaya ba ya canji. Wanga ma dalili ne.

Yaya ta Zariya: Wannan kam Baba ba musu. Ni tun daga gida nake yanke wanda zan ɗaura. In dole ta sa, cikin mota nake canjawa, gilashi a rufe, kamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa. Kuma ka sayi 'yar robar nan mai hura iska, ka hure ƙura kafin ka sa ƙyalle. Rairayinmu in ka goga shi da gefen riga sai ya karce gilashi. Nan ma wani aibin Samyang 14 ne da ba a faɗa ba: gilashin gabansa ƙullutu ne ya fito waje, ba zaren da za ka ɗaura filta. 10-18 na karɓar filta mai 67, Tokina 11-16 mai 77. Ni lokacin iska da filta mai kariya nake yawo, in ya karce shi zan canja.

Ɗan Bagalam: Tunda an zo kan filta, wani ya ce in sayi folarizan, filtar nan mai kashe ƙyalli, don sama ta yi shuɗi sosai.

Malamin Lissafi: A 18-55 ɗinka zai yi kyau. A 10 ka yi hattara. Aikinsa ya fi ƙarfi a ɓangaren sama da ke digiri 90 daga rana, yana raguwa in ka matsa kusa da ita ko ka ba ta baya. Objektif da ke kwasar digiri 96 zai haɗa wurin da ya yi ƙarfi da wurin da bai yi ba, sai ka ga wani baƙin kumburi a tsakiyar sama, gefe kuma fari. Gyaransa a kwamfuta wahala ne. Inda zai amfane ka shi ne kashe ƙyallin ruwa da na ganyen gero bayan an yi ruwa, in sama kaɗan ce a hoton. Ka nemi mai siririn baki, mai kauri na sa kusurwoyi su yi duhu a 10.

Bakatsine: Ni gargaɗi zan yi, ko da masu Nikon na karantawa. Akwai AF-P 10-20 na Nikon, ya fito 2017, shi ne takwaran wannan na Canon. Na saye shi hannun wani mai shago, na ce masa D3200 gare ni, ya ce Nikon ai Nikon ce. Na zo gida ya ɗauru lafiya lau, amma saiti ya ƙi, na kansa ya ƙi, na hannu ma ya ƙi, don shi ma lantarki ke juya shi. Ashe D3100, D3200, D5100, D90 duk ba su san yarensa ba. Sai irin su D3300 da D5200 da waɗanda suka fito bayansu, su ma wasu sai an sabunta masu manhaja. Da na mayar ya ce an buɗe kwali. Da asara na rabu da shi. Tokina 11-16 ɗin ma na Nikon iri biyu ne, na farkon ba ya da injin saiti a cikinsa, a ƙananan Nikon sai da hannu. Mai lamba II shi ke da inji.

Mai Taurari: Allah ya mayar da alheri. Na Canon dai duka biyun suna saiti.

Malamin Lissafi: Masu Canon ma suna da nasu tarko. 10-18 EF-S ne, mai farin tambari mai kusurwa huɗu, ba jan ɗigo ba. In wata rana ka koma 6D ko 5D, ba zai ɗauru ba sam. Kada wannan ya sa wani ya lallashe ka ka sayi 17-40 ko 16-35 yanzu wai don gaba. A kamararka 17 zai zama 27, kusan abin da kake da shi ne. Ka sayi na kamarar da ke hannunka.

Ɗan Bagalam: 6D kuma? Malam, jika 150 ɗin ma wata bakwai na yi ina tarawa.

Bakatsine: Ai 10-18 ba shi da tsada, da ya fito 2014 dala 299 aka sa masa.

Na Madarunfa: Dala 299? Ashe jika ɗaya da rabi ma da canji! A kawo mini goma.

Bakatsine: Dalar Amurka nake nufi, ku mutanen Nijar da dalarku ta tamma biyar!

Baba Mai Hoto: Ku gama dariya in ba shi abin da ba a biya. Ɗana, ka juya kamara a tsaye, ka sa 18 ko 24, ka kulle haske da saiti a hannu, ka ɗauki hoto biyar ko shida kana juyawa daga hagu zuwa dama, kowane ya hau kan ɗan'uwansa da kashi ɗaya cikin uku. Jikana na haɗa mini su a kwamfuta. Hwaɗin ya hi na 10, kuma jirage ba su ƙanƙance ba. Da can da almakashi da gam munka riƙa yin haka.

Malamin Lissafi: Akwai manhaja ta kyauta mai suna Hugin da ke wannan ɗinkin, Lightroom ma na yi.

Yaya ta Zariya: Baba, ya yi kyau ga tafki mai kwance da safe. Amma ranar da yake magana iska na tashi, jirage na tafiya, igiyar ruwa na motsi. Kafin ya kai hoto na shida masunci ya fito sau biyu ko ya rabu gida biyu. Abu na kusa kuma ba ya ɗinkuwa da kyau in da hannu ake juyawa. Ga ruwa na shirin sauka, wa ke da lokacin hoto shida?

Baba Mai Hoto: Na yarda da wagga. Amma ni da jika 150 ɗin nawa ne, dogo zan saya, 55-250. Ku dubi gawo. Ita da damina take zubar da ganye, da rani ta yi kore, lokacin da komai ya bushe. Tun da manoman jiharmu sunka koma barin tsiron itace a gona maimakon sassabe shi, gonaki sun cika da ita. Da sahe cikin hazo, ka tsaya nesa ka jawo su da 200: ta gaba baƙa, ta bayanta toka, ta can baya kamar hayaƙi, ga mai amalanke na ratsawa. Hazon da ke kashe objektif mai hwaɗi shi ke gyara ma dogo hoto. Wata takwas na shekara wanga ne aikinmu.

Mai Taurari: Kuma raƙuman dawan da aka kai Gadabeji daga Kure a 2018, ba mai matsa masu da 10.

Ɗan Bagalam: Baba ka ƙara rikita ni. Na zo da uku, yanzu sun zama huɗu.

Yaya ta Zariya: Ƙanena, bar wahalar da kanka. Asabar ba ni da biki. Zo studiyo ka karɓi nawa ka yini da shi, ka dawo mini da shi kafin isha'i. In ya faɗa ruwa, jika 150 ɗin sun zama nawa.

Ɗan Bagalam: Allah ya bar zumunci Yaya. Zan riƙe shi kamar ƙwai.

Shugaban Zaure: Madalla. Kafin nan, tunda na hannu zai saya, a faɗa masa abin dubawa, don kullum sai an kawo mana kuka bayan ciniki.

Mai Taurari: Ka je da kamararka, kada ka yarda da gwaji a tasu. Cire murfi biyu, haska tocilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane objektif na da ita. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, wannan funfuna ce, ta fi yawa a kayan da suka zauna garuruwan bakin teku masu laima. Sannan ka sami bango mai bulo, ka tsaya daidai gabansa, ka ɗauka a 10 ƙofa a buɗe, ka matso da kusurwoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya. Duk za su ɗan yi laushi, haka abin yake. Amma in ɗaya ta fi sauran lalacewa sosai, objektif ɗin ya taɓa faɗuwa, gilashi ya goce. Bar shi komai arharsa. Gindin 10-18 roba ne, ka duba haƙoransa ba wanda ya ɓalle.

Ɗan Bagalam: Jama'a na dawo. Jiya na yini Madarunfa, yayana Na Madarunfa ya haɗa ni da wani dattijon masunci, har shayi muka sha. Hadari bai zo ba, sai gizagizai farare. Na ɗauki hoto 84. Gaskiya ashirin na farko abin da Baba ya faɗa ne sak, sama, ƙasa, da zare a tsakiya. Na tuna maganar Yaya na durƙusa gaban wani jirgi, tazarar kamu biyu, na juyo allo. Wannan ya fito, har ƙusoshin jirgin ana ƙirgawa, tafki kuma ya buɗe a bayansa. Guda shida nake jin zan iya nunawa. Abin mamaki, biyu ne kawai a 10, sauran tsakanin 13 da 15 na same su. Matsala biyu: inuwata ta shiga hotuna da yawa da rana ke bayana, sannan bakin ruwan ya karkace a kusan rabinsu, kamar tafkin zai zube ta hagu. Dattijon kuma na sa shi a gefen hoto, kansa ya miƙe kamar gwanda, ban ma nuna masa ba.

Yaya ta Zariya: Haha, na manta ban gaya maka ba, mutum a tsakiya ake sa shi. Na taɓa yi wa ƙanwar ango haka, har yau ba ta gaishe ni da daɗi. Karkata kuma, 600D ba ta da ma'aunin daidaito a ciki. Kunna layukan raga a allo, ko ka sayi ɗan ma'aunin ruwa irin na magina da ake sokawa a mazaunin filashi.

Mai Taurari: In tsakanin 13 da 15 ka fi zama, ai Tokina ma ya rufe nan. Ina dai faɗa.

Ɗan Bagalam: Yaya Mai Taurari, dare sai na samu ƙafa uku mai ƙarfi, kuma gida ba za su bar ni kwanan daji yanzu ba. Na yanke 10-18 na hannu. Wani ɗan'uwanmu zai je Kano mako mai zuwa, zan bi shi da kamarata in gwada da kaina. Abin da ya rage in sayi robar hura iska da filta mai 67, in fara tarin na Baba.

Baba Mai Hoto: Turo mini guda shidan in gani. Kuma in Disamba ta yi, ka zo da 18-55 ɗinka mu tahi hanyar Tibiri da asuba, ka sa shi a 55, in nuna maka gawon da nika magana.

Na Madarunfa: Dattijon ya ce a tambaye ka yaushe za a kawo masa hotonsa a takarda. Ka zaɓi wanda kansa bai miƙe ba.